Sassabe a Kwamfutar Shamsiyya

"Ba ni kile nawa, Na Allah."

"Kile naki yana bakin aiki. Aikin al'umma."

"Al'umma ta saya mini shi? Ba ni abuna tun muna shaida juna."

"Ke matsalarki ke nan, Shamsiyya. Komi naki, naki. Pano naki, waya taki, inuwar rumfa ma taki. Mu a formasiyo anka ce muna..."

"Formasiyon da kunka ci kaji anka ba ku riga?"

Na Allah ya shafa rigar a hankali, kamar mai lallashin jariri. Tunda ya dawo daga wannan horo na Maraɗi bai cire ta ba. Fara ce, da hoton wani tsuntsu mai tumbi a ƙirji, tsuntsun da shi da bakinsa ya ce ba ya tashi sama. Wata ƙungiyar 'yan sa-kai ce masu yaɗa manhaja mai 'yanci ta tara matasa, ta nuna musu hanyoyin taimako: mai iya fassara ya juya rubutun manhaja zuwa Hausa, mai haƙuri ya zauna ya koya wa mutum guda, wanda bai iya komai ba tukuna ya ɗauki kujeru. Na Allah ya dubi hanyoyin nan kaf, ya ga babu wadda ta kai tsawonsa. Sai ya naɗa kansa wakilin Tasawa da Mayahi baki ɗaya, "har Kanan-Bakashe in hanya ta yi kyau."

Shamsiyya kuwa rumfar cajin waya take da ita a bakin kasuwar Korgom, da wata tsohuwar kwamfuta da take tura wa mutane waƙa da wa'azi. Na Allah ɗan gwaggonta Lami ne, wato taubashinta, irin wanda ko ya taka maka ƙafa sai dai ka yi dariya ka rama da baki. Jiya ya zo aron kile, 'yar ma'ajiyar nan mai kamar ɗan yatsa da ake tsira wa kwamfuta. Ta hana. Ya koma ya ɗauko Gwaggo Lami, ta zo ta tsaya ta ce, "Haba ɗiyata, abu kamar tsinken sakace?" Ta bayar tana ƙunƙuni.

"Ka san abin da ke cikinai," in ji Shamsiyya. "Ka kuma san baƙin da ke tahe yau."

"Na sani. Shi ya sa ni ma na sa tarona yau. Jama'a ta taru a banza, sai in bar ta ta watse a banza?"

Abin da ke ciki kuwa duk Korgom ta sani. Bayan girbin bara an yi kokowa tsakanin yayan Shamsiyya, Ɗan Baba, da Hamani zakaran Mayahi, wanda aka ce bayansa bai san ɗanɗanon ƙasa ba. Suna kama juna ke nan wani makaɗi ya ɗaga ganga ta daki reshen gawo, ashe da zuma a kai. Fili ya watse. Alƙalin wasa ne ya fara isa gida. A cikin wannan rububi Ɗan Baba ya kada Hamani, kuma babu idon da ya gani sai na wayar Shamsiyya, da ta ɗaure a kan sanda ta gudu ta bari. Mutanen Mayahi suka ce ba a yi ba. Suka ce ƙudan zuma Hamani ya sunkuya ya kaɗe.

Da wani ne, da tuni bidiyon ya zaga duniya. Amma bokan Ɗan Baba ya gargaɗe shi: hoton ɗan kokowa yana tsakiyar aiki, idan ya faɗa hannun abokan gaba, a kansa za su ɗaure shi. Don haka aka goge na waya, aka bar guda a kwamfuta, guda a kile, kuma Shamsiyya ta rantse wa yayanta cewa ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Yau ranar kasuwa, Hamani da mutanensa za su zo da la'asar su kalla da idonsu, a kashe gardama.

"In wani abu ya taɓa bidiyon nan," ta ce, "ba ni za ka yi wa bayani ba, bawan gidanmu."

"Bawa? Ni da na zo 'yanta ƙasa?" Ya gyara wuyan riga. "Atansiyo, madam. Yau za ki ga ilimi."

Ilimin ya fara ne da mai shela. Na Allah ya ba shi goro ya ce ya zaga da lasifika ya sanar: babu na'urar da Injiniya Na Allah ba zai 'yanta ba. Mai shela ya ji kalmar ta yi masa daɗi, ya ƙara mata gishiri. Kafin azahar rumfar Shamsiyya ta koma kamar tashar 'yan gwangwan. Rediyo ya fi ashirin. Cocila. Fanka marar fiffike. Tela ya zo da kekensa na ɗinki a ka. Wani daga ƙauye ya kawo injin niƙa a amalanke, ya kwance jakin ya ɗaure a jikin sandar pano, faifan da ke tara wa rumfar wuta daga hasken rana. Kwamfuta kuwa, a duk taron, guda ɗaya ce: ta Shamsiyya.

"Injiniya, keken nan tsallake zare yake."

"Mulkin mallaka ne. Aje shi can."

"Injiniya, rediyona ba ya kama komi sai da dare."

"Kawo."

Rediyon na Gwaggo Lami ne, irin mai ramin kile a gefe. Na Allah ya ɗaga kile sama kowa ya gani, ya yi bismillah, ya tsira. Rediyo ya yi tari, ya yi wani kuka kamar an taka kyanwa, ya yi shiru.

"Wala!" in ji Na Allah. "Ya daina hwaɗin abin da anka sa shi. Yanzu tunani yake."

"Yaushe zai gama?" in ji uwarsa.

"Inna, kin taɓa tambayar malami yaushe zai gama tunani?"

Ta karɓi rediyon ta rungume, tana kallonsa da girmamawa.

Shamsiyya ta miƙa hannu. "An gama? Kile nawa."

"Saura jawabi."

Ya hau kan injin niƙa da lasifikar mai shela. Ya ce kowace kwamfuta da waya akwai manhaja a cikinta, ita ce hankalinta. Ya ce akwai manhajar da masu ita suka rufe kamar tukunyar mai rowa, ka ci amma kada ka tambayi abin da aka sa. Akwai kuma "lojisiyel libir", mai 'yanci huɗu. Nan ya ɗaga yatsu biyar, ya lura, ya lanƙwashe guda.

"Na ɗaya, ka yi aiki da abu yadda ka ga dama! Na biyu, ka ga yadda anka yi shi, ba ɓoye-ɓoye! Na uku, ka tura ma maƙwabcinka! Na huɗu, in ka ga kuskure ka gyara da hannunka, ka sake rabawa!"

Gaskiya ko Shamsiyya ta ji maganar ta zauna. Matsalar ita ce bakin da ta fito.

"Jakin nan yana cikin 'yanci na nawa?" wani ya tambaya. Jakin ya riga ya cinye rabin takardun da Na Allah ya zo rabawa, yana taunar hoton tsuntsun.

"Ku bar shi. Saƙo ya shiga."

Ana haka sai ga ƙarar motoci masu taya biyu. Mutanen Mayahi sun iso, Hamani a gaba, wuya kamar turmi, layu har gwiwar hannu. Ɗan Baba ya tarbe su, shi ma ƙato ne amma mai sanyin magana, irin wanda idan ya ce "sannu" sai ka duba ko ka yi laifi. Baƙo ba ya kallon komai da ƙishirwa, don haka Shamsiyya ta ruga gida ɗauko fura. Kafin ta tafi ta nuna Na Allah da yatsa.

"Kada ka taɓa ta."

"Ni? Ko kallonta ba ni yi."

Tana dawowa da ƙwarya a ka, tun daga bakin rijiya ta jiyo muryarsa a lasifika.

"Jama'a, tunda ordinatar guda Allah ya hore muna, da ita za mu yi darasi. Baƙinmu za su kalli kokowa cikin 'yanci!"

Ta ɗaga ƙafa. Amma ina hanya? Keken ɗinki a gaba, amalanke a gicciye, fanka ta sarƙe mata zani, mutane sun yi cincirindo kamar ana rabon taki.

"Bon. Na tsira mata kile, ga sabuwar manhaja tana tambaya. Ta ce: in zauna gefe guda tare da tsohon abin da na iske, ko in share wuri duka in shiga? Ni ba ni yanke hukunci ni kaɗai, wanga aikin jama'a ne. Manoma! Ana shuka bisa tsohon kara?"

"A'a!"

"Mi ake yi kahin damina?"

"Sassabe!"

"Ban ji ba!"

"SASSABE!"

"Na Allah!" Shamsiyya ta ƙwala kira. "Ka taɓa ka mutu!"

"Kun ji? Mai abu ma ta ce a taɓa."

Ko da ta kutsa ta isa, rabin furar na jikin tela, wani ɗan layi kore yana tafiya a fuskar kwamfuta, Na Allah ya harɗe hannu yana kallonsa kamar mai kallon gero ya yi kai. Ta kai hannu za ta zare wayar wuta, ya tare.

"In kin tsayar da ita tsakiyar hanya, ba tsoho ba sabo."

Wannan kaɗai ce gaskiyar da ya riƙe daga Maraɗi. Haka suka tsaya, Korgom da Mayahi, suna kallon layi yana rarrafe. Da ya kai ƙarshe kwamfuta ta mutu ta farfaɗo, da sauri kuwa, ba irin nishin da ta saba ba. Sai ga hoton wani tsauni da tabki a gindinsa, shuɗi shar.

Shamsiyya ta danna nan, ta danna can. Wayam. Ba waƙa, ba wa'azi, ba kokowa. An share gona har kunya.

"Ina kayana?"

"Ciyayi ne. Sun tahi."

"Wane manomi ne ke sa ma gona wuta bai kai hatsi rumbu ba?"

Manoman da suka yi ihu ɗazu duk suka shiga duba takalmansu. "Mu dai mun ɗauka an kwashe," in ji wani daga baya. "Ni dama ban ɗaga murya sosai ba," in ji na kusa da shi.

Hamani ya sunkuya ya leƙa. "Kai, hoton ya yi kyau. To wanne ne ni, dutsen ko ruwan?"

Mutanen Mayahi suka fashe. Ɗan Baba bai yi dariya ba. Ƙanwarsa kawai ya kalla, kallon da ya tuna mata rantsuwarta. Ta yi murmushin ƙarfin hali.

"Ku yi ta dariya. Akwai rumbu." Ta fizge kile ta sake tsirawa. Ta buɗe. Wasu sunaye ne birjik da ba ta taɓa gani ba. Ta sauka har ƙasa, ta hau har sama. "Na Allah. Mi ka yi ma kile nawa?"

"Iri na zuba ciki. Da mi kike so in shuka?"

"Abin da ke ciki hwa?"

Ya sosa ƙeya. "Jiya ya tambaye ni wani abu da jan rubutu. Na ga ba kyau a bar mai tambaya tsaye. Na ce mishi wi, na yarda."

Jaki ya ci gaba da taunarsa. Hamani ya miƙe yana kaɗe riga.

"To, mun sha hura, mun ga tabki. Ɗan Baba, in ka sake yin mahwalki ka aiko muna."

"Dakata," in ji Ɗan Baba. A hankali ya cire rigarsa ya ninke, ya miƙa wa tela. "Taubashi."

Na Allah ya ja baya. "Na'am, yaya."

"Jawabinka ya shige ni. Maimaita mini na biyun."

"Na... na biyu? A ga yadda anka yi abu."

"Ba ɓoye-ɓoye?"

"Ba... wato, a ordinatar ake nuhi."

"Baƙi sun taso daga nesa su ga yadda anka yi. Zo a nuna musu."

"Taubashi ba ya hushi da taubashi! Jama'a ku shaida! Inna!"

"Wa ya yi hushi? Wasa za mu yi."

Gwaggo Lami ta duba hagu ta duba dama. Wasan taubasai ne, ko sarki ba ya shiga. Ta ja rediyonta gefe don kada a taka masa tunani.

Nan da nan aka buɗe fili. Na Allah ya yi ƙoƙarin bi ta ƙarƙashin amalanke, aka jawo shi ta ƙafa. Ɗan Baba ya kama shi ta ƙugu, ya ɗaga shi, tsuntsun da ba ya tashi ya tashi, ya sauka rub da ciki a kan yashi. Tim!

"Ga shi nan," in ji Ɗan Baba. "Haka."

"Ɗaga tsinke ba kokowa ba ce," in ji wani ɗan Mayahi.

Amma Shamsiyya ba shi take kallo ba, Hamani take kallo. Ta ga gefen bakinsa ya motsa, ta ga ya girgiza kai kaɗan, irin na tela idan ya ga an karkata aljihu. Bidiyon nan ta kalle shi ya fi a ƙirga, ta san ba ta ƙugu aka kama ba, ba kuma rub da ciki aka sauka ba. Sai ta ciro waya ta ɗaga, ta buɗe murya.

"Sak! Wallahi kamar an maido bara! Haka ya kihe, baki cikin ƙasa, ɗuwawu sama!" Ta buɗe ƙafa ta kumbura wuya, ta yi tafiyar Hamani ba ragi, sannan ta maƙale murya: "Wayyo inna, zuma! Wayyo inna, Ɗan Baba!"

Korgom ta kwanta da dariya. Hamani ya haɗe rai.

"Yaya, sake! Na baya ba su gani ba!"

"Na gani a madadinsu!" in ji Na Allah daga ƙasa. Ba a saurare shi ba. Tim!

"Har kukan ma iri ɗaya!" in ji Shamsiyya. "Sai dai na Hamani ya hi tsawo!"

"Ƙarya ne!"

Hamani ne. Ya ture mutanensa ya shigo fili, jijiyar wuya a tashe.

"Ƙarya kike, yarinya! Wa ya yi kuka? Wa ya kihe? Ta gehe na sauka, bisa kahwaɗa, da mutuncina! Kai kuma," ya juya ga Ɗan Baba, "wane ƙugu? Ka isa ka kama ƙuguna? Ƙahwar hagu ka ɗauke, ina kallon zuma! Ba ni shi nan!"

"'Yanci na huɗu," in ji tela a hankali. "Gyara."

Na Allah ya buɗe baki, amma ya makara. Hamani ya ɗauke masa ƙafar hagu, ya juya shi, ya ajiye shi ta gefe a kan kafaɗa, tsaf, kamar an auna.

"Haka na hwaɗi! Haka! Kowa ya gani?"

Kowa ya gani. Wayoyi sun fi talatin a sama, har da na mutanen Mayahi. Hamani ya tsaya yana huci, ya dubi wayoyin, ya dubi mutanensa da suka dafe kai, sannan maganarsa ta dawo masa kunne daga nesa.

"Zuma ce," ya ce da ƙaramar murya.

Makaɗin nan na bara, da ma yana nan, ya sauke ganga daga kafaɗa, ya fara duba sama ya tabbatar babu reshe, sannan ya saki kiɗan Ɗan Baba. Mata suka rangaɗa guɗa. Kafin Hamani ya tada moto, an riga an tura maganarsa Tasawa, an tura Mayahi, wani ya rantse ƙaninsa a Kanan-Bakashe ya riga ya kira yana dariya.

Ɗan Baba ya matso kusa da ƙanwarsa yana sa riga, fuska da ɗan damuwa. "To, maganar boka hwa? Hoto ya watsu."

"Duba da kyau, yaya. Wa ke tsakiyar aiki a ciki?"

Ya duba. Hamani ne da Na Allah, ɗaya a tsaye ɗaya a iska. Ya yi ajiyar zuciya. "Allah ya ba taubashi lahiya."

Taubashi yana nan inda aka ajiye shi, kunne cike da yashi, tsuntsun rigarsa ya koma ja da ƙasa. Mai injin niƙa ya tsaya a kansa yana tambayar ko a bar injin ya kwana. Gwaggo Lami ta kara rediyo a kunne ta ce har yanzu bai gama ba. Shamsiyya ta tsuguna, ta ɗauki lasifikar da ta faɗi ta kara masa a baki, don jama'a su amfana.

"Injiniya. Na yaya ya hita. Saura nawa. Ina waƙoƙina, da wa'azina, da bidiyon bikin ɗiyar liman da ba ta karɓa ba tukuna?"

Na Allah ya tofar da yashi. Ya ɗaga yatsa guda, muryarsa ta karaɗe kasuwar Korgom.

"Na 'yanta su. Kada wanda ya bi su. Ki dai bar ƙohwar rumfa buɗe da magariba, ki watsa 'yar tsaba. In sun ji yunwa da kansu za su dawo."